Shelar da Aka Goge a Dogarawa

Har gobe akwai masu rantsuwa a tashar Malbaza cewa Inusa mai shela sayar da muryarsa ya yi. Wai wani direban motar siminti ne ya taya, suka yi ciniki a bayan teburin mai shayi, aka zare muryar daga wuyansa kamar a zare ƙaya, direba ya ɗaura ta a gaban mota a madadin kilakson, wato hon. Wai shi ya sa in motar ta danno za ta Konni, jakuna ke barin hanya tun ba su hango ta ba. Wani ma ya ƙara gishiri, ya ce da kunnensa ya ji ta a kan kwana tana cewa, "Maigari na gaishe ku!"

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma rabinta daga bakinmu ta fito, mu taubasansa, don uwata da ubansa nono ɗaya suka sha, al'ada ta ba mu izinin tsokanar juna har bakin kabari. Wanda ya san muryar Inusa ya san babu motar da za ta ɗauke ta tayoyi ba su fashe ba. Ciwo ne ya raba shi da ita, kuma ko dala ba a ba shi ba.

A Dogarawa aka haife shi. Tsofaffi sun ce kukansa na farko ya sa ungozoma ta yar da aska, kajin unguwa suka daina ƙwai har sati ya zagayo. Da aka kama shi aka sa lakwal bai yi nisa ba, malamin da kansa ya sallame shi, wai in yana karatu a ajinsa sauran azuzuwa ba sa jin nasu malaman. Abin da ya kwaso daga can baƙaƙe ne da ba su cika tafin hannu ba, su ma bai taɓa sanin inda ake tsayar da su ba.

Tsohon mai shelar gari ne ya ji shi wata rana yana kiran awaki daga gona, awakin maƙwabta ma suka taho. Tsoho ya ce wannan yaro nasa ne. Haka Inusa ya gaji shela. Wuri uku yake tsayawa: gindin tsamiyar kasuwa, bakin rijiya, da ƙofar masallacin Juma'a. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya ɗaga haɓa, ya saki. Allurar shanu, ɓatan raƙumi, gayyar noma, ranar da za a saki gonaki wa makiyaya, suna, rasuwa, duk daga wannan maƙogwaro suke fita. Da wata ƙungiya ta kawo masa lasifika mai batir kyauta, ya juya ta sama da ƙasa, ya ba matarsa ta riƙa ɗura gero a buhu da ita.

Ka'idarsa biyu ce. Ba ya shelar abin da idonsa bai gani ba. In an ce wane ya rasu, sai ya taka har gidan, ya ga an rufe shi da zane, sannan ya fito. Ba ya kuma maimaitawa, sau ɗaya yake faɗa a kowane wuri. Garin shi ma ya yi tasa ka'idar: in Inusa ya yi shela, ba wanda ke ƙarawa a kai. Ka tura wani ya sake sanarwa bayansa, kamar ka ce masa maƙaryaci ne a tsakiyar kasuwa. Shekara talatin da wani abu ana haka, ba a taɓa binne mutum a Dogarawa sahu bai kai bakin hanya ba.

Matarsa Ummulkhairi kuwa, in tana magana sai ka sunkuya. Kwaɗon zogale take sayarwa a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa yin talla ba, sai dai ƙamshin ƙuli-ƙuli ya yi mata. Mukan ce Allah ya aiko wa gidan muryar mutum biyu, Inusa ya tare ɗan aiken a zaure ya kwashe duka. Ita sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ƴaƴansu da yawa sun koma tun suna goye. Wasila ce ta tsaya, aka aurar da ita Illela, wajen wani mai gyaran babur, Maman Sani.

Ciwon ya fara ne kamar mura. Murya ta dushe, muka ce ai gara, ko jarirai sa yi barci. Ya sha citta, ya sha zuma, ya sha rubutu, ba ta dawo ba. Sai abinci ya fara tsaya masa a wuya. Aka kai shi Konni, daga Konni aka ce sai Yamai. Can likitoci suka ce ko murya ko rai, a zaɓi ɗaya. Ya dawo gida da rami a gindin wuya, ya rufe shi da ɗan farin ƙyalle, in ya buɗe baki iska kawai ke fita. Ranar da muka je yi masa barka, ba wanda ya iya tsokana a cikinmu. Mun zauna kamar waɗanda aka ƙwace wa sana'a.

A lokacin kuma duniya ta riga ta koma cikin salula. Ƴan Dogarawa na gida da na waje, har na Kwatano da Agadas, sun haɗu a gurup ɗaya na Watsap. Shugaban gurup ɗin Abdulhamid ne, ɗan garin da ke aikin buro, wato ofis, a Konni, yaro mai ladabi, mai zumunci, sai dai yana son rubutu kamar yadda wasu ke son doki. A gurup ɗin nan gardama ba ta ƙarewa: kuɗin taki, gyaran famfo, wanda ya kamata a tura majalisar kwamin, wato ƙaramar hukuma. Kuma ba mai hujja ke cin gardama ba, mai tsabtar rubutu ne. Manomi ya faɗi magana mai nauyin buhu, in ya haɗe kalmomi ko ya bar harafi a hanya, sai ka ga an jero masa fuskokin dariya. Wani ɗan jami'a ya taɓa rubuta wa dattijo mai jikoki cewa, "Wanda bai iya raba kalma da kalma ba, shi ne zai raba mana gaskiya da ƙarya?" Aka yi ta tafa masa. Daga nan marasa lakwal suka koma tura murya, wadda ake ce wa bokal, don baki ba ya nuna aji nawa mutum ya yi.

Wasila ta saya wa ubanta salula, ta sa aka shigar da shi gurup. Amma me mai shelar da ba shi da murya zai yi da ita? Ummulkhairi ce ta samo hanya. Ta zauna da mijinta har ta iya karanta leɓensa kamar yadda malami ke karanta allo. In maigari ya aiko da saƙo, Inusa ya je ya gani da idonsa yadda ya saba, ya dawo ya zauna a gabanta yana motsa baki, ita kuma ta danna salula ta faɗa. Ba ta kama sunan miji, don haka kullum da abu ɗaya take farawa: "Mai shela na gaishe ku." Ranar farko sai da aka ƙure ƙara aka ji ta. Muka ce yau zaki ya ɗauki sauro aiki. Amma garin ya saba. Ko ɗan jami'ar nan ba ya gardama da bokal ɗin Ummulkhairi. Inusa ya sake sa hularsa a karkace, ya koma yawon gani da ido.

Sai ɓarayin salula suka shigo gari. Su sace waya, ko su shiga lambar mutum ta wata hanya, su rubuta wa gurup cewa wane ya yi hatsari ko ya rasu, a turo na likkafani. Sau ɗaya abin ya ci mutane sosai. An rubuta cewa wani alhaji ya cika, ƙaninsa ya yo mota tun daga Agadas yana kuka, ya tarar da mamacin yana shan fura a zaure. Bayan wannan Abdulhamid ya kafa doka, kowa ya yi na'am da ita. Ya ce a duba rubutu, ɓarawo ba ya iya rubutu. Duk saƙon mutuwa da ya zo a karkace, gogewa zai yi nan take. Inusa ma da aka karanta masa dokar ya gyaɗa kai, don ba abin da ya tsana kamar shelar ƙarya.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Konni ce, cikin bazara, lokacin albasa. Tun da safe duk namijin da ke da ƙafa da abin sayarwa ya hau mota. Ba a bar kowa a gari ba sai tsofaffi da mata. Ummulkhairi ta dafa zogalenta, ta matse, tana cikin barbaɗa ƙuli ta ce kanta na juyawa. Ta jingina da turmi. Kafin Inusa ya kawo ruwa daga randa, ta zame. Ya ɗago ta, ya buɗe baki ya kira ta da sunan da bai taɓa kira a gaban mutane ba, iska ta fita ta ramin wuyansa, ƙyallen ya ɗaga ya koma. Sai da ya ɗauki taɓarya ya yi ta dukan ƙyauren langa-langa sannan maƙwabta suka shigo.

Liman ya zo, ya duba, ya ce da wannan zafi ba a jira, bayan azahar za a yi sutura. Aka rufe ta da zane. Inusa ya tsaya a kanta ya gani da idonsa, yadda ya yi wa kowa. Sannan ya fita zaure da salula.

Ya daɗe yana kallon wurin da take dannawa in za ta yi magana. Ya danna shi ma, ya motsa baki, ya saurara, ba komai sai huci. Ya goge. Sai ya koma ga baƙaƙen nan nasa na lakwal, ya yi ta farautarsu ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Suka fito suna hawan juna kamar awaki a motar kasuwa, ba tsaga, ba tsayawa, wasu sun faɗi a hanya. Amma duk abin da shela ke bukata yana ciki: wadda ta rasu, lokacin jana'iza, da roƙon a dawo gida. Ya tura. Bai yi wa Wasila kai tsaye ba, don ba a jefa wa ɗiya mutuwar uwarta a hannu. Mijinta yana gurup, shi zai gani, ya ce mata jikin tsohuwa ya motsa, ya ɗauko ta a babur. Daga Illela, in sun taso da wuri, za ta ga fuskar uwarta kafin a ɗaure likkafani. Abin da Inusa ke so ke nan, ya fi son sa a kan sahu dubu.

Ya ajiye salula a kan rumbu, ya ɗauki gatari ya nufi maƙabarta tare da tsofaffin da suka rage. Wata maƙwabciya ta tare shi a ƙofa.

"Malam Inusa, an sanar da mutanen kasuwa?"

Ya gyaɗa kai. Ta juya ta gaya wa sauran mata, "Mai shela ya yi shela." Shi ke nan. Liman yana da ƴar wayarsa a aljihu, matan ma biyu ko uku suna da ita. Ba wanda ya taɓa tasa. Wa zai ƙara a kan Inusa?

A can cikin gurup kuwa, saƙon ya faɗo tsakiyar cinikin albasa. Na farko ya rubuta, "Wannan lambar ba ta taɓa rubutu ba, kullum murya ce." Na biyu ya ce, "Ku dubi rubutun kawai. Ko ɗan aji ɗaya ya fi haka." Wani ya ce jiya da la'asar ya sayi kwaɗo a hannunta, lafiyarta ƙalau. Wani ya jero fuskokin dariya, ya ce ɓarawon ya koma lakwal tukuna kafin ya nemi na likkafani. Abdulhamid ya buga lambar don ya tabbatar. Ta yi ta ƙara a kan rumbu, kaji na kallonta. Ya ce to kun gani. Ya goge saƙon, ya rubuta gargaɗi mai kyau, da Hausa da Faransanci, ba kuskure ko ɗaya: an sace wayar Baba Inusa, kada kowa ya tayar da hankalinsa.

Maman Sani ya gani a rumfarsa ta gyaran babur. Saƙon farko ya tsayar da shi daga aiki, na biyu ya kwantar masa da hankali. Wasila tana da ciki wata bakwai. Ya ce a ransa don me zai firgita ta a kan aikin ɓarawo? Ya mayar da waya aljihu, ya ci gaba da kwance kaburata.

Aka yi azahar. Inusa ya tsaya a ƙofar gida yana kallon hanyar mota. Liman ya ƙara masa lokaci, ya sake ƙarawa. Duk babur da ya taso da ƙura sai ya yi taku biyu gaba, babur ya wuce. Daga ƙarshe liman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Inusa, haƙƙinta ne mu gaggauta." Aka fito da ita. Matar da ta kira garin nan zuwa jana'izar kowa da ƴar muryarta, aka sallace ta sahu ɗaya bai cika ba. Makarar ma sai da mai gida ya sa kafaɗa, don tsofaffin ba su iya kaiwa ba hutu.

Da la'asar sakaliya motocin kasuwa suka fara sauke mutane. Suka ga tabarmi a ƙofar gidan mai shela. Ni ma a cikinsu nake, wayata ta wuni a wurin mai caji a Konni, ban san an yi saƙo ba balle gogewa. Mutum ya sauko da buhu a ka, ya tsaya, buhun ya zame. Ba wanda ya iya kallon wani.

Abdulhamid ya iso kafin magariba a kan kabu-kabu. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, hawaye na zuba a kan rigar buro.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi rubutun na duba. Da murya ce..."

Bai ƙarasa ba. Inusa ya dube shi, ya ɗaga yatsa ya nuna ƙyallen wuyansa, sannan ya nuna hanyar maƙabarta. Muryoyin gidan biyu ne, ga inda ɗaya ta tafi, ga inda ɗaya ta tafi. Ya dafa kan yaron, ya ɗauke hannu.

Wasila sai washegari da hantsi ta iso. Ta shiga ɗakin uwarta, ta tarar da gado a naɗe, ƙwaryar zogale a rufe yadda aka bar ta. Ta fito ta zube a gaban ubanta.

"Baba, mi na yi maka? Mi ya hana a gaya mini? Ko hannunta in taɓa, Baba!"

Ya miƙa mata salula. A wurin da shelarsa take, layi ɗaya ne ya rage, mai cewa an goge wannan saƙo. Ƙarƙashinsa kuma duk abin da aka faɗa yana nan, har fuskokin dariya, ba wanda ya tuna ya goge su. Ta karanta, ta kifa wayar a ƙasa. Maman Sani yana rakuɓe a bakin zaure, har suka koma Illela bai ɗaga kai ba.

Bayan an share makoki Inusa ya zauna ya karanta maganganun nan da kansa, harafi harafi, yadda kaza ke tsintar tsaba. Ba mu san iya abin da ya gane ba, amma dariyar ba ta bukatar lakwal. Daga ranar ya daina fita gani da ido. Maigari ya aiko a yi shelar allurar shanu, ya mayar da ɗan aike. Abdulhamid ya janye dokarsa, ya roƙi gurup a daina yi wa kowa dariyar rubutu, ya aiko dattawa su ba da haƙuri. Inusa ya karɓe su, ya ba su ruwa, ya raka su ƙofa, salula tana aljihu. Abin da kawai yake yi da ita, da hantsi in ya zauna inda turmin yake, ya koma can sama cikin tsofaffin saƙonni, ya danna ɗaya, ya kara a kunne. In ka wuce ta bayan dangar za ka ji ƴar siririyar murya tana cewa, "Mai shela na gaishe ku," tana sanar da ɓatan wata tunkiya da aka daɗe da ganowa.

Aka yi sadakar arba'in, Wasila ta haihu, aka sa wa jaririya sunan kakarta, duk bai sa ya taɓa baƙi ɗaya ba. Garin ya zauna ba mai shela. Dattawa suka ce tun da haƙuri bai tashe shi ba, saura taubasai, don abin da ladabi ya kasa, rashin kunya kan iya. Aka dube ni.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, yana zaune a gindin tsamiyar da ya saba tsayawa, na zauna nesa kaɗan inda sandarsa ba ta kai ba. Na danna salula na yi bokal a gurup, da ƙarfi, yadda shi ma zai ji da kunnensa.

"Jama'ar Dogarawa, ku shaida, ga wasiyyata. Ranar da na mutu, don Allah kada a bar taubashina Inusa shi rubuta shelata. A nemo mai lakwal. Ba ni son a binne ni daga ni sai liman sai mai gatari."

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi. Ni kaina na ji maganar ta fi ƙarfin bakina, na fara duba hanyar gudu. Inusa ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya sa hannu a aljihu. Ya ciro salula, ya goge fuskarta da hannun riga, ya shiga farautar baƙaƙensa da babban yatsa. Muka jira har inuwa ta matsa. Wayoyi suka yi ƙara a aljihun kowa lokaci ɗaya.

Rubutun yana nan yadda yake, a cunkushe, ba tsaga, ba tsayawa. Ba wanda ya sa fuskar dariya, ba wanda ya gyara harafi. Abdulhamid, da ya zo Juma'a gida, shi ne ya miƙe tsaye ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, da ƙarfi, kamar shela:

"Mai shela na gaishe ku. Kai kuma kwantar da hankalinka, ni zan rubuta taka. Ko da ƙafa na rubuta ta ba mai gogewa, don garin ga ya daɗe yana jiran labarin."